Amana a Cinikin Doki: Abin da Ke Kan Mai Sayarwa da Abin da Ke Kan Mai Saye

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 



 Mun san a cikin jama'a akwai waɗanda da suka ga kan jawabin nan a takardar gayyata suka ce a ransu, a wannan hali da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke ciki, ina mu ina zancen doki? Tambayar tana kan hanya. Amsarmu ita ce, kuɗin da ke fitowa daga aljihun 'yan wannan ƙungiya mazauna birni yana cikin kuɗin da ke juya cinikin dawaki a ƙasarmu yau, kuma yadda ake kashe shi yana iya gyara kasuwa, yana iya ɓata ta, har ya taɓa maganar tsaron da ta dame mu duka. Za mu zo wurin a hankali.

Ba sai an tuna wa Bakatsine matsayin doki ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan folo a Katsina, ɗansa kuma Sarki Usman Nagogo, wanda ya gaje shi har zuwa 1981, ya shahara a wasan har wajen ƙasar nan. Hawan Sallah kuwa ya girme su duka, kuma hakimanmu da jama'arsu suna cikin masu kai gaisuwa birni a kan dawaki tun kaka da kakanni. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Mota da babur sun karɓe wa doki aikin tafiya, amma ba su karɓe masa daraja ba. Hasali ma masu nemansa sun ƙaru ta wata fuskar: wanda aka yi wa naɗin sarauta yana son ingarman da zai hau, ango yana son hawan angwanci, matasa a birane sun kafa ƙungiyoyin kilisa da sukuwa. Doki mai kyau yanzu kuɗinsa ya shiga miliyoyin naira. Da yawa daga cikin masu sayen nan 'ya'yanmu ne, waɗanda iyayensu suka san doki ciki da waje, su kuwa a makaranta da ofis suka girma.

Cinikin doki ya bambanta da na hatsi ko na yadi. Buhun dawa kana iya cusa hannu har ƙasansa, yadi kana iya warware shi ka duba. Doki kuwa mai shi ya zauna da shi shekara da shekaru, ya san ƙafar da yake ɗingisawa in an yi tafiya mai nisa, ya san ko yana tutsu in ya ji ganga, ya san ko yana harbi ko cizo, ya san sau nawa ciwon ciki ya kayar da shi. Mai saye yana da sa'a guda ko biyu a cikin hayaniyar kara, dokin kuma ba ya magana. Duk inda ilimin abin sayarwa ya taru a hannun mutum ɗaya haka, to ƙofar cuta a buɗe take, kuma wannan ba halin Bahaushe ba ne shi kaɗai. A Ingila ma an daɗe ana yi wa dillalan dawaki kallon mutanen da sai an yi hattara da su.

Sau da yawa in ana zancen mutanen da, sai a ce ai su masu gaskiya ne, mu ne muka lalace. Mu dai ba mu gamsu da wannan magana ba gaba ɗayanta. A kowane zamani akwai na kirki akwai macuta. Abin da magabata suka fi mu shi ne tsari. Sun gina cinikin dabba ta yadda mai son yin cuta zai rasa ta inda zai bi, in kuma ya yi ba zai sake cin kasuwar ba.

Ga yadda abin yake. Baƙon da ya kawo dawaki daga Asbin ko daga Barno ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Yana da mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya ba dawakinsa turke da harawa da ruwa, ya ajiye masa kuɗi. Mai masaukin nan ɗan gari ne, da gidansa da iyalinsa da sunan da yake tsoron ɓatawa. Shi ko dillalinsa ne zai tsaya tsakanin baƙo da mai saye. Mai saye ya taya, in tayin bai kai ba a ce albarka, in ya kai a sallama, a gaban mutane, a biya la'ada wadda kowa ya san adadinta. La'adar nan mutane da yawa suna ɗaukarta kuɗin surutu. Kuɗin lamuni ce. Ma'anarta, in gobe aka wayi gari dokin nan na sata ne, ko aka ga aibin da aka ɓoye, baƙo ya riga ya yi nisa, amma dillali yana nan, shi za a kama, shi zai nemo mutuminsa. Saboda haka dillalin ƙwarai ba ya karɓar dabba daga hannun wanda bai sani ba, ba kuma wanda zai tsaya masa.

Wannan tsari har masana na waje sun yi nazarinsa. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan Hausawan wurin. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda ake sayar wa mahauta Yarbawa shanun fatake bashi, na kuɗi masu yawa, ba takarda ba zuwa kotu, amma kuɗin na dawowa. Da ya bincika sai ya ga masu gidajen saukar baƙi ne ke ɗauke da nauyin, sun san kowane mahauci da iyakar abin da zai iya biya, kuma duk wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai zagaye kasuwa kafin rana ta faɗi. Shanu ya duba, amma ginshiƙin ɗaya ne da na dawaki. 'Yan'uwanmu da ke zaune a kudu sun san ragowar wannan tsari har yanzu.

To, mu dawo ga dokin kansa, domin wanda zai saya ya kamata ya san inda ake ɓoye aibi. Na farko shekaru. Ana gane shekarun doki a haƙoransa na gaba, shida a sama shida a ƙasa. Yana fara famfara da na tsakiya yana da shekara biyu da rabi, na gefensu a shekara uku da rabi, na ƙarshe a huɗu da rabi, in ya cika biyar bakinsa ya cika. A kan kowane sabon haƙori akwai ɗan gurbi baƙi, wanda tauna ke cinyewa a hankali. A haƙoran ƙasa, gurbin na tsakiya kan shafe wajen shekara shida, na biye wajen bakwai, na gefe wajen takwas. Daga nan haƙoran sai su riƙa tsawo suna turowa gaba. Ba ma'auni ne da ba ya kuskure ba, domin irin abincin da doki ke ci da yashin da ke cikinsa suna sa haƙori ya ci da wuri, amma ya isa ya raba ɗan shekara biyar da ɗan shekara goma sha biyar. Macutan Ingila na da har fiƙe haƙoran tsohon doki suke yi, su huda gurbi, su ƙona shi da ƙarfe ya yi baƙi, don ya koma kamar matashi. Wanda ya san aikinsa ba gurbin kaɗai yake dubawa ba, yana duban siffar haƙorin da yadda ya karkata.

Na biyu, kuma wanda ya fi damunmu a yau, shi ne allura. A da mai ɓoye ɗingishi sai dai ya hutar da doki kwana da kwanaki kafin ranar kasuwa, ko ya riƙa zagayawa da shi a kan yashi mai laushi. Yanzu akwai magungunan kashe zafi na dabbobi, irin su fenilbutazon, waɗanda aka yi su domin jinya, kuma ana samunsu a kasuwa ba wuya. In aka yi wa doki mai ciwon ƙafa da safe, zai yini yana takawa kamar lafiyarsa lau. Akwai kuma allurar kwantar da dabba, wadda likitoci ke yi kafin su yi aiki, in aka yi wa doki mai faɗa kaɗan daga cikinta sai ya zama kamar tunkiya na wasu sa'o'i, yaro ma ya hau shi. Mai saye ya biya, ya ɗora a mota, ya kai gida. Kwana ɗaya ko biyu maganin ya sake shi. Wanda aka yi wa cutar ɗingishi asarar kuɗi ya yi. Wanda aka yi wa ta biyun, ɗansa ne zai hau dokin nan ranar hawa, a tsakiyar taro, ana buga bindiga ana kaɗa tambari. Wannan ta wuce zancen dukiya, ta shiga zancen rai.

A nan ne za mu ga hangen malamanmu na fiƙihu. Wanda duk ya zauna gaban malami a zaure ya karanci babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya san an haramta algus da yaudara da ɓoye aibi, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Ya san kuma ya halatta a ƙulla ciniki bisa sharaɗin zaɓi, wato a ba mai saye ɗan lokaci ya jarraba. Muhtasar na Shaihu Halil ya kawo gwargwadon lokacin: kamar wata guda ga gida, kamar kwana uku ga dabba. An rubuta wannan ɗaruruwan shekaru kafin a ƙirƙiro allurar da muke magana, amma ku duba yadda ya yi daidai da ita. Doki ya kwana uku a turkenka, kai ke ba shi dusa da harawa, kai ke kwance shi da asuba, irin allurar da muka ambata in an yi masa ranar kasuwa da wuya ta kai wannan lokaci tana rufe ɗingishi ko faɗa. A cikin kwanakin za ka gan shi ba sirdi ba jalala, ka shafa bayansa ko akwai gyambo, ka ɗaga kofatansa huɗu, ka sa a yi sassarfa da shi a kan ƙasa mai tauri, ka sa a yi sukuwa sannan ka saurari numfashinsa, ka ga yadda yake ci da yadda yake kashi. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da kwana uku, ko ya ce mota na jira sai yau sai yau, ya riga ya faɗa maka abin da ya kamata ka sani.

Ba kuma ana nufin doki mai aibi ba ya sayuwa ba. Tsohon doki mai sanyin hali shi ya fi dacewa da mai koyo da kuma dattijo. Doki mai ɗan ciwon ƙafa yana iya yin hawan Sallah na yini guda ko da ba zai yi folo ba. Goɗiyar da ba ta hawuwa tana haihuwa. Kowanne da kuɗinsa da mai sonsa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba kuma zai dawo da ƙara ba. Abin da shari'a ta nema a faɗa kawai.

Jama'a, da a nan muka tsaya da kowa ya tashi yana jin daɗi, domin mun ɗora laifi a kan dillalai da masu sayarwa, waɗanda akasarinsu ba sa cikin wannan zaure. Amma masu saye ne a gabanmu, kuma rabon da ke kansu ba ƙarami ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mu fara da kwana ukun nan. Amana ce a hannun mai saye. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya karɓi doki daga wani mutum bisa ciniki, aka hau shi don gwaji, dokin ya samu rauni, Umar ya so mayarwa, mai doki ya ƙi. Suka amince Shuraihu ya raba su. Shuraihu ya yanke cewa tun da lafiya aka karɓe shi, to ko a mayar da shi lafiya ko a biya. Halifa ne aka yanke wa hukunci a kan talaka, kuma maimakon ya yi fushi sai ya naɗa Shuraihu alƙalin Kufa. Muna jin labarin masu karɓar doki da sunan gwaji ana jibi Sallah, su yi hawa da shi, su sha hotuna, sannan su mayar su ce bai yi musu ba. Irin wannan ne ya sa masu dawaki da yawa suka daina yarda da gwaji, mutanen kirki suka rasa abin da shari'a ta ba su.

Sai cinikin waya. Mutum yana zaune a ofis a Abuja, a turo masa hoton bidiyo na minti ɗaya ta WhatsApp, doki ya sha ado yana rawa, ya tura kuɗi ta banki zuwa ga wanda bai taɓa gani ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Babu mai masauki, babu shaida, babu wanda za a kama. Abin takaici, sau da yawa dalilin da ya sa aka bi ta nan shi ne gudun biyan la'ada. An tsere wa kuɗi kaɗan, an kuma tsere wa lamunin da ke tare da su. Mun san wani ɗan ƙasar nan da ya yi haka, dokin da aka sauke masa daga mota launinsa kaɗai ya yi daidai da na hoton, lambar wayar kuma ba ta sake shiga ba.

Wasu kuma sukan wakilta ɗan'uwa a gida ya saya musu. Wannan ya fi, amma shi ma yana da inda yake yoyo. Wakili ya sayi doki a kan kuɗi kaza, ya faɗa wa yayansa na birni kuɗin da ya fi haka, ya ce a ransa ai yana da shi, kuma wahalata fa? Haramun ne, domin wakili amintacce ne, abin da ya rage na mai kuɗi ne. Amma mai aiken ma ya duba kansa. Ka tura mutum ya bar gonarsa, ya yi kwana biyu yana yawon Mai'aduwa ko Maigatari, ya bi hanyoyin da kai kanka kake tsoron bi, sannan ka sallame shi da na gode. Da an yanka masa ladansa a fili tun farko, da an toshe wannan ƙofa, zumunci kuma ya tsira. Gidaje nawa ne aka daina gaisawa a kan irin wannan?

Akwai kuma tayin ƙarya, inda abokan mai doki ke kewaye shi suna ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba, don baƙo ya ji tsoron kada a riga shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wannan, malamai suna kiransa najashi. Haka nan warware ciniki bayan an sallama don wani ya zo da tayi mafi tsoka. Shi kansa Manzon Allah an yi masa haka a kan doki: ya saya daga wani Balaraben ƙauye, kafin a kawo kuɗi wasu suka taya da abin da ya fi, mutumin ya musanta cinikin, sai da Huzaima ɗan Sabit ya ba da shaida. Wanda ya ji wannan ba zai ƙara ganin neman shaidu a matsayin rashin yarda da ɗan'uwa ba.

Yanzu mun iso inda muka yi alkawari. Kowa a nan ya san abin da satar dabbobi ta yi wa ƙasarmu, kuma ba wanda ya manta daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ta hana fitar da shanu a manyan motoci zuwa wasu jihohi, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. Daga baya an sassauta. Ana iya saɓani a kan ko dokar ta biya bukata, kuma talakawa da yawa da ba su ci ba su sha ba sun ji jiki a lokacin, musamman masu dogaro da kasuwar Sheme. Amma dalilin da aka kafa ta a kansa ba a ɓoye yake ba: dabbar sata ba ta da amfani ga ɓarawo sai ta zama kuɗi, kuma ba ta zama kuɗi sai an samu mai saye. Shanu da tumaki ne suka fi yawa a wannan, amma doki ma yana bin hanyar. Duk ranar da aka kawo maka ingarma a kan rabin kuɗinsa, da dare, ba dillali, aka ce kada ka yi yawan tambaya, to ka sani wataƙila kuɗinka harsashi za su zama, kuma ba ka san ƙauyen da za a harba shi ba. Yana iya zama naku.

Turawan Ingila sun sha fama da satar dawaki, kuma maganin da suka yi yana da ban sha'awa. A 1555 suka yi dokar cewa duk dokin da za a sayar a kasuwa sai an tsayar da shi a fili na tsawon sa'a guda da rana, a rubuta sunan mai sayarwa da na mai saye da launin dokin da wata alama tasa a littafin mai karɓar kuɗin kasuwa. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya suka ƙara cewa in ba a san mai sayarwa ba sai wani amintacce ya tsaya masa. Ku duba da kyau, wannan ai mai masaukinmu ne da dillalinmu, sai dai su sun haɗa da alƙalami. Mu kuma Allah ya hore mana abin da ba su da shi a lokacin, domin kowane yaro a kasuwa yana riƙe da wayar da za ta ɗauki hoton doki ta gefe huɗu. Harshenmu ma ya tanadi sunayen: akawal, kili, danda, gunya, hurde, bikili, ga farin goshi ga farar ƙafa. Ba abin da zai hana a rubuta su.

Akwai wani nau'in araha da ya fi na sata wuyar magana, domin a zahiri halal ne. Mutumin da aka tayar daga ƙauyensa ya shigo gari da iyali da doki guda, ko wanda aka ɗauke masa ɗa ake jiran kuɗin fansa, zai sayar a kan duk abin da aka ba shi. Dokin nasa ne, ya kuma ce ya sallama. Amma mai sayen da ya san halin da ake ciki ya matse shi, ya koma birni yana ba abokai labarin ya yi sa'a, ya kamata ya ji labarin Jarir ɗan Abdullahi. An ruwaito cewa ya aiki baransa ya sayo masa doki, baran ya daidaita da mai shi a kan dirhami 300 ya kawo su. Jarir ya dubi dokin ya ce wa mai shi ai ya fi haka, ya yi ta ƙarawa ɗari bayan ɗari har 800, ya biya. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce ya yi wa Manzon Allah mubaya'a a kan yi wa kowane Musulmi nasiha. Ba mu ce kowa ya zama Jarir ba. Abin da muke roƙo shi ne a biya kuɗin kasuwa. Wanda ke gabanka maƙwabcin mahaifinka ne a da, ko surukin gidanku, kuma in hankali ya kwanta zai tuna wanda ya taimake shi da wanda ya ci da guminsa.

Saboda haka muna gabatar wa shugabannin ƙungiya shawara, su duba. Ƙungiya ta zauna da iyayenmu hakimai da shugabannin kara da sarakunan dillalai na ƙananan hukumomin nan uku, a amince da takardar ciniki guda mai shafi ɗaya, da Hausa, boko da ajami. A ciki a sa sunan mai sayarwa da garinsu da mai unguwar da ya san shi, da sunan dillalin da ya tsaya, da launin doki da alamominsa da kimanin shekarunsa, da aibin da aka faɗa, da kuɗi da la'ada, da ranar da zaɓin kwana uku zai ƙare da wanda zai ɗauki nauyin ciyarwa a cikinsu, da shaidu biyu. Kwafi ɗaya ga mai saye, ɗaya ga mai sayarwa, ɗaya ya zauna a wurin sarkin dillalai. Kuɗin buga irin wannan bai kai abin da muke kashewa a abincin taro guda ba. A cikin 'ya'yan ƙungiyar nan kuma akwai likitocin dabbobi da suka yi karatu a Zariya da Sakkwato. Da za su ba da lambobinsu ga sakatare, wanda zai sayi doki ya biya ɗan abin da aka yanka a duba masa kafin ya sallami kuɗi, da an rage kuka da yawa. Mu kuma mazauna birni mu ɗaukar wa kanmu cewa ba za mu sayi dabbar da ba ta da wanda ya tsaya mata ba, kome arharta.

Wani zai ce takarda ba ta hana macuci. Haka ne, mun yi shekaru muna sa hannu a rajistar makaranta, mun san ana iya rubuta yaro ya zo alhali yana gona. Amma mun kuma san makarantar da ake kiran suna kullum da wadda ba a kira ba ɗaya suke ba. Dillalan ƙwarai, waɗanda su ne suka fi yawa, su za su fara murna da wannan, domin cinikin waya da 'yan kai-da-kawon da ba a san gidajensu ba sun janye musu ciniki sun kuma shafa musu baƙin jini. Muna ba da shawarar a fara tuntuɓarsu tun yanzu, domin a samu takardar a hannu kafin watan azumi, lokacin da neman dawakin hawan Sallah ke tashi.

 Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.